Madubin Hangen Sama da Kwaɗon Sito

A shekara ta uku da fara koyarwata aka tura ni wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana a ƙasar Daura, in koyar da Fiziks. Lokacin Shari'a ba ta fi 'yan shekaru da kafuwa a jiharmu ba, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna da zuwanta. Na faɗi haka tun da wuri ne don kada mai karatu ya ɗauka da addini na yi rigima. Da mutum ɗaya na yi, kuma har yau ina ganin ni ce da gaskiya.

Shugabar makarantar wata Hajiya ce dattijuwa, saura kaɗan ta yi ritaya, ba ta son hayaniya ko kaɗan. Ranar da na kama aiki ta miƙo mini mukullan ɗakin gwaje-gwaje da na ɗan siton da ke bayansa, ta sa na sa hannu a takarda cewa duk abin da ke ciki yana wuyana. Na sa hannun ban ma san me ke ciki ba.

Sai da aka yi hutun tsakiyar zango na samu sukunin share siton. Ƙarƙashin karyayyun bencuna na ci karo da wani dogon akwatin katako, kashin ɓera ya rufe murfinsa. Da na buɗe sai na zauna a ƙasa, tsintsiyar tana hannuna. Madubin hangen sama ne, irin wanda a jami'a sau biyu kawai aka bar mu muka leƙa, shi ma a layi. Bututunsa fari, ya ɗan fi hannuna tsawo, ga ƙafafunsa uku na katako a naɗe a gefe. Ba wanda ya iya gaya mini wa ya kawo shi, ko yaushe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙananan kayan da ke tare da shi, kowanne a gurbinsa cikin koren ƙyalle. Akwai gilasan leƙe guda uku, waɗanda ake sakawa a gindin bututun a ɗora ido. Na farko yana nuna wata gaba ɗayansa. Na biyu yana matso da shi har a ga ramuka da duwatsu. Na ukun ƙarfinsa ya yi yawa, ko tari mutum ya yi kusa da shi sai watan ya kama rawa. Akwai wani ɗan ƙaramin madubi na saiti da ake ɗaurawa a bayan babban, a cikinsa an ja siraran layuka biyu sun gitta juna, don a san inda aka nufa. Akwai gilashi mai kusurwa uku da ke raba haske ya koma launukan bakan gizo. Akwai zoben haɗa kyamara, wanda ban taɓa amfani da shi ba don ba mu da kyamarar. Sai wani farin faranti na ƙarfe a kan sanda, wanda ake ɗaurawa bayan gilashin leƙe, hoton rana ya faɗo a kai kowa ya gani ba tare da ya kalli ranar ba.

Na ƙarshe shi ne wani baƙin gilashi, matacin hasken rana, wanda wai ake murɗawa a gilashin leƙe a kalli rana kai tsaye. Da na ɗaga shi sai na ga tsaga siririya ta ratsa shi. Ko lafiyayyensa malaminmu na jami'a ya gargaɗe mu a kansa, don zafi kan fasa shi ido yana kai. Ban yi shawara da kowa ba, na kai shi masai na jefa.

Abu ɗaya ya ɓata, notin da ke riƙe bututun a kan ƙafafunsa. Na ɗauki maƙalin na shiga cikin garin Daura, shagon wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur. Ya daɗe a garin, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko. Ya juya ƙarfen a hannunsa ya ce, "Malama, wannan ba na babur ba ne, ba na injin niƙa ba ne. Na mene ne?"

Na gaya masa. Ya zazzage gwangwanin notuna a kan tebur, ya yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kwastomomi suna jira, har ya samu wanda ya kusa shiga. Ya goge shi da zarto ya shiga daram.

"Abu ɗaya nake so," in ji shi. "Ki nuna mini watan."

Na ce, "Oga, an gama, za ka gani."

Da ɗalibai suka dawo hutu muka fara. Dokar makaranta ba ta yarda su fita fili bayan isha'i ba, ni ma ban nema ba. Da rana muke aikinmu. Na ɗaura farin farantin, na rufe madubin saiti da murfinsa, na juya bututun ina bin inuwarsa har hoton rana ya faɗo, fari tas kamar fai-fai. A gefensa akwai ɗigo biyu baƙaƙe. Yaran suka ce datti ne a gilashi. Na goge a gabansu, ɗigon suna nan. Washegari sun ɗan matsa, jibi sun ƙara matsawa. Kowacce ta zana su a littafinta, kuma da kansu suka gano cewa ranar juyawa take yi. Wata daga cikinsu ta riƙe baki ta ce, "Malama, ashe rana ma tana da tabo?"

Ranakun da wata ke fitowa tun la'asar, rabinsa fari a shuɗin sama, sai in saka gilashin leƙe na biyu su yi layi. A irin wannan yammacin ne na cika alkawari. Na fitar da madubin bakin get, tunda namiji baƙo ba ya shiga makarantar, mai shagon ya zo a kan babur ɗinsa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya cire hularsa ya riƙe. Maigadi ya leƙa, mai rake ya leƙa, wasu mata biyu da ke dawowa daga niƙa su ma suka leƙa suna dariya.

Mataimakin shugaba yana tsaye daga cikin get yana kallonmu.

Shi ne mutumin da na ce mun yi rigima. Shi ke shugabantar kwamitin tarbiyya na makarantar, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, yana aikinsa da gaske. Shi ya bi diddigin wani mai duba da ke sayar wa yara layar cin jarrabawa ta kan katanga, har aka kore shi daga unguwar. Iyaye suna ganin girmansa, ni ma ina gani. Amma tun daga korar mai duban nan, duk abin da ya shafi tauraro ko wata sai ya ji masa warin bokanci.

Bayan kwana biyu aka kira ni ofishin Hajiya, aka ce in zo da akwatin. Mataimakin ya buɗe shi da kansa, yana ɗaga kayan ɗaya-ɗaya da yatsu biyu. Ya sa ido a madubin saiti, ya ajiye da sauri.

"Har da kuros ɗin Kirista a ciki," in ji shi.

Na ce, "Malam, layin saiti ne. Irinsa ne a ma'aunin masu awon titi."

"Malama, yara suna yawo suna cewa halittar Ubangiji tana da tabo. Kina tara jama'a a bakin get, har da wanda ba musulmi ba, ana duban wata. Jiya muka rabu da mai duba, yau kuma duban ya shigo aji da takardar gwamnati?"

Na ce babi ne a manhaja, kuma ba ni na rubuta manhajar ba. Ya ce manhaja ba ta fi aƙidar yara ba. Hajiya tana ta gyara gilashinta tana cewa a yi haƙuri, a bi a hankali. Ƙarshe aka yanke cewa a mayar da akwatin sito har kwamiti ya zauna. Ya sayo sabon kwaɗo ya ɗaura a ƙofar, ya sa mukullin a aljihunsa. Kwamitin bai zauna ba, wata ɗaya, wata biyu.

Abin ya tsaya mini a rai, har na fara tambayar kaina ko akwai wani gefen da ban gani ba. Ranar wata Juma'a na tafi Sandamu wurin mahaifina. Manomi ne, ya yi karatun allo da na littattafai gwargwado, kuma tun ina ƙarama da taurari yake lissafin damina. Na same shi a gindin rumbu yana tufkar igiya. Na kwashe labarin duka na gaya masa.

Bai bar tufkar ba ya ce, "Ni in na ga taurarin Kaza sun daina fitowa da yamma, na san in fara gyaran gona. Kakanki ma haka yake yi, kuma shi ke jan sallah a unguwar nan. Wanda ya ɓata shi ne mai cewa tauraro zai ba shi mata ko ya kayar masa da maƙiyi. Ke me kike roƙon tauraron?"

"Ba na roƙonsa komai, Baba. Kallonsa nake yi ina aunawa."

"To me ya kawo ki nan? Koma ki yi aikinki. Amma ki gaishe shi kullum, ya girme ki."

Na koma ina gaishe da mataimakin kullum, akwatin kuma yana kulle.

Ana cikin haka, da bazara, rediyo ya fara sanar da cewa rana za ta yi husufi, kuma yankinmu na cikin inda za a fi gani. An faɗi ranar, an faɗi lokacin, da hantsi ne. Makaranta ta ɗauka. A aji na ji abin da yaran ke shiryawa: wasu za su kalla ta baƙin tabarau, wasu ta fasasshiyar kwalba da aka turara da hayaƙin fitila, wasu a cikin bokitin ruwa. Na yi musu bayani har muryata ta dushe cewa duk waɗannan ba sa kare ido. Amma na san yara. Yarinyar da aka ce kada ta kalli sama, kuma ba a ba ta wani wurin kallo ba, za ta kalla.

Na je na sami mataimakin a ofishinsa, na gaishe shi, na roƙi mukullin na rana ɗaya.

Ya ce, "Abin da aka umarce mu in rana ta yi husufi shi ne sallah da istigfari, ba kallo ba."

"Za mu yi sallar, Malam. Wa ya hana?"

"Kuma wannan faɗin ranar da awa tun abu bai faru ba, shiga gaibu ne."

A bangon bayansa akwai kalandar lokutan sallah ta shekara guda. Na nuna ta na ce, "Malam, waccan takardar ta faɗi ƙarfe nawa rana za ta faɗi ranar Babbar Sallah mai zuwa. Da ita kake sa a yi kiran sallah. Lissafin ɗaya ne."

Fuskarsa ta canza. Ya ce ba zai yi musu da mace a ofishinsa ba, in fita. Na je wurin Hajiya, ta ce kanta yana ciwo, in bari abin ya wuce.

Ranar husufin da safe na shiga ɗakin gwaje-gwaje na ɗauki sukurdireba. Kwaɗon sabo ne mai ƙarfi, amma maƙalinsa da ƙusoshi huɗu masu murɗi aka kafe shi a katakon ƙofar. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya. Na cire maƙalin da kwaɗonsa a kulle, na sa a jakata, na jawo akwatin.

A tsakiyar filin taro na kafa madubin. Na cire madubin saitin gaba ɗaya na mayar akwati, don kada wata ta sa ido. Na saka gilashin leƙe na farko, na ɗaura farantin, na yi masa rumfa da kwali don hoton ya fito sosai. Na tsaya a jikinsa ban matsa ba, na ce duk wadda ta ɗaga kai sama ta koma aji. Suka zagaye ni aji-aji, kawunansu a ƙasa.

Lokacin da aka faɗa yana cika, gefen farar da'irar ya ɓalle kaɗan, kamar an gatsi waina. Wata yarinya ta yi salati da ƙarfi, sauran suka ɗauka. Masu dafa abinci suka baro tukwane suka zo, ɗayarsu da rariya a hannu, sai ga ƙananan lauje-lauje na haske sun zubo ƙasa ta ramukan rariyar. Ƙarƙashin bishiyar darbejiya ma haka, duk inda haske ya ratso ganye ya zama lauje. Yaran suka yi ta nuna wa juna ƙasa, ba wadda ta ƙara sha'awar kallon sama.

Sai ga mataimakin ya taho da sauri, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Yara suka buɗa masa hanya.

"Wa ya ba ki izinin buɗe siton nan?"

Na ciro kwaɗon daga jaka na miƙa masa da hannu biyu. "Ga kwaɗonka, Malam, ban fasa ba. Siton kuma ni na sa hannu a kansa."

"Ki naɗe abin nan yanzu."

"Ba zan naɗe ba. In na naɗe, sama za su kalla. In lokacin sallah ya yi ka sa a kira, ni ce ta farko a sahu."

Muka tsaya muna kallon juna, yara ɗari da wani abu na kewaye da mu. Haske ya riga ya fara canzawa, ya yi wani irin fari-fari marar ƙarfi, iska mai sanyi ta taso a tsakiyar bazara. Ya juya ya ce wa maigadi ya tara yara a masallaci.

Na rufe bakin madubin da murfinsa, na juya shi ya bar rana, na bi su. Mataimakin ne ya ja sallar, kuma ya yi karatu mai tsawo mai daɗi. Muna cikinta duhu ya sauko kamar an yi magariba, kaji suka yi ta kuka a gidajen malamai, wata yarinya kusa da ni tana shessheƙa. Ni ma na yi hawaye. Na san lissafin abin tun daga farkonsa har ƙarshe, kuma sanin bai rage mini tsoron Allah ba ko ƙwayar zarra a wannan tsayuwar.

Da aka sallame haske ya fara dawowa. Na koma na buɗe madubin, muka bi da'irar tana cikowa har ta koma daidai. Mataimakin ya wuce ta gabanmu zai tafi ofis, farantin yana dab da kafaɗarsa, ya kawar da kai bai kalla ba.

Takardar tuhuma ta iso kafin mako ya ƙare. Laifi uku: ɓalle ƙofar sito, ƙin bin umarnin na gaba, da salwantar da kayan gwamnati, wato baƙin gilashin nan, don mataimakin ya bi jerin kayan da ke manne a murfin akwatin ya ga babu shi. Na ba da amsa a shafi ɗaya. Na ce ƙofar na kwance ta kuma na mayar, umarnin na ƙi shi da saninna, gilashin kuma yana cikin masan bayan ɗakin gwaje-gwaje, kuma ko yau na samu irinsa can zan kai shi.

Hajiya ta kira ni ta rufe ƙofa. Ta ce, "'Yata, layi ɗaya kawai. Ki rubuta kin yi kuskure kin tuba, ni zan kashe maganar a nan."

Na ce, "Hajiya, in na rubuta haka, gobe me zan ce wa yaran? Cewa abin da suka gani a farantin kuskure ne?"

Mijina ma da farko ya ce in rubuta mu huta. Na ce masa in ya ga laifina a wurin Allah ya faɗa mini, yanzu zan rubuta. Ya ce bai gani ba, wahalar da zan sha kawai yake hange. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Wahalar ta zo kuwa. Aka ɗauke ni aka mayar wata ƙaramar sakandaren jeka-ka-dawo a wani ƙauye bayan Mai'adua, dab da iyaka. Yammacin ƙarshe na kira malamar Kemistiri, wadda za ta karɓi mukullan, na koya mata harhaɗa madubin tun daga ƙafafu har farantin, na sa ta kwance ta sake ɗaurawa sau uku. Na bar ƙofar ɗakin a buɗe, na kuma ɗaga murya, don ofishin mataimakin yana kusa.

Sabuwar makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ajin da aka ba ni ko ƙofa babu. Kullum mijina ke kai ni a babur, mu bi ta cikin yashi muna kauce wa motocin shanu da ke fitowa daga Nijar, in isa hijabina ya yi ja. Darasin farko da ya faɗo mini a manhaja shi ne haske. Na aro kwanon sha da madubin fuska a gidan maigari, na cika kwanon da ruwa, na jingina madubin a ciki, na ajiye a bakin taga. Launuka suka hau bangon ajin, ja a ƙasa, shuɗi a sama. Shugaban makarantar yana wucewa ya tsaya ya leƙo, ya tambaya ko ni ce malamar da aka ce ta kwance ƙofa a Daura. Na ce ni ce. Ya ce to ajin nan dai ba shi da ƙofa, in ci gaba da darasina. Na shekara takwas a can.